Rakiyar Alhaji Tanimu

Ku gyara zama, wanda kuma ya san ba ya son gardama ya tashi tun yanzu. Ni Jibo nake ba da labarin nan, Jibon da ya bar makaranta a aji huɗu saboda malaman sun ƙarar da abin da za su koya mini. Ina cikin labarin, amma ba zan ƙara wa kaina ko ƙwayar gero ba.

A garinmu Kwarin Ɗinya akwai Alhaji Tanimu mai goro. Shekara ashirin yana kan kujera ɗaya a ƙofar zaurensa. Masallaci na jikin gidansa, kasuwa kuwa ɗan acaɓa ke kai shi ya dawo da shi. Mu dai a ganinmu hutu ne na mai arziki.

Mutum uku ne suka raba shi da kujerar nan. Na farko shi ne Hashimu, ma'aikacin lafiya. Shi da abokan bincikensa suna son sanin me ya sa ɓarin jiki ke yawan shanye wa dattawanmu. Ya bi gida gida yana auna jini, yana ɗaura wa mutane wani ɗan agogo mai ƙirga taku. An kore shi daga zaure ya fi sau goma, har aka ce ɗan leƙen asiri ne, bai fasa ba. Da ya duba agogon Alhaji sai ya ga taku ɗari uku a yini guda, jininsa kuma ya hau inda ba a wasa. Ya ce, "Baba, ga magani, amma in ba ka fara tafiya da ƙafa ba, ina tsoron kujerar nan ce za ta kwantar da kai." Ba don Hashimu ba, da ba wanda ya san akwai ciwo.

Na biyu Kansila Lurwanu ne. Ya karanta rahoton Hashimu, ya ga ashe har a wasu ƙasashe zaman nan yana cin mutane, sai ya fito ya dubi titinmu: babura, kwata, ba inda tsoho zai sa ƙafa. Ya kai maganar majalisa. 'Yan acaɓa suka yi masa ihu, suka rantse ba zai sake ganin ƙuri'arsu ba. Wata uku yana fama kafin doka ta fito: daga asuba zuwa ƙarfe takwas, ba babur ba mota a titin kasuwa. Aka rufe kwatar, aka share hanya. Ba don Lurwanu ba, da ba wurin tafiyar.

Hanya ta samu, Alhaji ya ce shi fa ba inda za shi. "In fita ina zagaye ba dalili? A ce na karye, ko a ce na taɓu?" Iyalinsa suka yi roƙo, suka yi kuka, ƙafafunsa na ta kumbura.

Nan na ukun ya shigo, wato ni. Kun san dattijon kirki ba ya barin baƙo ya fita bai taka masa ba, kuma ba ya juyawa sai baƙon ya ce, "To, a koma haka." Sai na fara zuwa gaishe shi kullum da sassafe. In na miƙe ya miƙe, ni kuwa kalmar nan ba ta fita daga bakina. Da, ɗan acaɓa zai tsayar ya ɗora ni ya huta. Yanzu ina acaɓan? Ranar farko muka kai bakin rijiya yana haki.

"Jibo, ba ka da abin da za ka ce mini?"

"Akwai, Alhaji! Ka ji abin da ya faru da akuyar liman kuwa?"

Na ƙirƙiro ƙarya mai tsawon titi. Kashegari na kai shi makarantar da na gudo. Bayan wata guda muna kaiwa gada mu dawo, dattawa biyar na biye da mu don kada ƙarshen labarin akuyar ya wuce su. Ba don ni ba, da har yau yana kan kujera.

Bayan wata huɗu Hashimu ya sake aunawa. Jini ya sauka, kumburi ya sace. Alhaji ya gane wayon, ya bi ni da sanda a guje har bakin rijiya, ko haki bai yi ba.

To, shekaranjiya aka haifa masa jika namiji, ya kuma yi alkawari a gaban jama'a cewa sunan wanda ya ceci ransa za a raɗa wa yaron. Dangin Hashimu sun ce nasu ne. Magoya bayan kansila sun cika zaure. Ni kuwa ɗinkin sabuwar riga kawai na ba tela. Alhaji ya kasa zama, sai kai da kawowa yake a tsakar gida, suna kuma saura kwana biyar.

To, jama'a, ku raba mana: wanda ya gano ciwon, wanda ya buɗe hanyar, ko wanda ya ƙi cewa "a koma haka", sunan wa ya kamata liman ya raɗa wa yaron nan?