Injin Numfashin Tela

An yi wani mutum, ɗan kasuwa, babban ɗa a gidansu. Ba zan faɗi sunansa ba, aikinsa zan faɗa.

Mahaifinsa ya yi jinyar shekara huɗu a kwance. Da ya rasu, ya bar keken marasa lafiya da gado mai ɗagawa da sandunan dogarawa. Mahaifiyarsu ta ce ba za ta sayar ba. Ta share garejin gida, ta jera su, ta aika wa maƙwabta cewa duk mai majinyaci ya zo ya ara, in an gama a dawo. Haka gidauniyar gidan ta fara. 'Ya'ya suka girma, kowa ya ƙara abin da ya iya, har aka sayi injinan taimaka wa numfashi guda uku. Shekara talatin ba a taɓa ganin garejin nan a cike ba. Kaya ya dawo da safe, kafin la'asar wani ya zo ya ɗauka.

Da tsufa ya kwantar da mahaifiyar, sai ta miƙa wa babban ɗa makulli.

Shi kuwa ya ce a yi taron cika shekara talatin, ya gayyaci manyan mutane. Ana gobe taro ya buɗe garejin, ya tarar da sanda ɗaya mai karyayyen gindi, sai ƙura. Kunya ta kama shi. Wai me zai nuna wa baƙi? Ya 'yan uwa, garejin da ba komai ai shi ne shaidar kaya na wurin masu buƙata. Amma ina, mai son a gani ba ya gane wannan.

Sai ya ɗauki direba da motar kaya, ya bi gida gida. Wai aron kwana ɗaya. Aka sauko da tsoho daga kan gado aka shimfiɗa masa tabarma. Aka karɓe keke a hannun matar da ba ta da ƙafa.

Gida na ƙarshe na wani tela ne da huhunsa ya lalace, wata takwas injin numfashi na gefen gadonsa. 'Yarsa ta tare ƙofa.

Ta ce, "Yallaɓai, don Allah ka dube shi. Minti goma in aka kashe, leɓensa baƙi yake yi."

Ya leƙa, ya gani da idonsa. Zuciyarsa ta ɗan motsa, sai ya tuna injuna uku sun fi biyu kyau a jere.

Ya ce, "Gobe da azahar za a dawo da shi. Ki buɗe masa taga."

Ki buɗe masa taga! Kun ji fa. Wallahi duk sanda na zo nan a labarin nan sai raina ya ɓaci.

Washegari an yi wa gareji fenti, an goge kaya suna ƙyalli. Har ya sa aka kunna injinan uku don baƙi su ji suna aiki. Suna ta hura iska, ba hancin kowa a wurin. Yana tsakiyar jawabi kan tausayi, sai ga 'yar tela ta ratso kujeru ba takalmi. Ba ta yi ihu ba.

Ta ce, "Yallaɓai, ba sai kun dawo da shi ba. Baba ya gama da shi tun da safe."

Baƙi suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Ƙannensa suka ƙwace makulli a ranar. Abokan ciniki suka janye. Duk wannan da sauƙi.

Ya shiga ɗakin mahaifiyarsa ya durƙusa. Labari ya riga shi.

Ta ce, "Ka gan shi da idonka?"

"Na gan shi, Mama."

"Shekara huɗu ina zaune ina sauraron numfashin ubanka, kana nan, ka san yadda yake. Ka gani, kuma ka ɗauka? Tashi ka fita. Ban yafe ba."

Ta juya fuskarta bango. Kullum yana zuwa ya durƙusa, kullum bayanta yake gani. Wata biyu aka yi haka, Allah ya karɓi ranta ba ta sake ce masa uffan ba. Daga baya ya sayi injuna goma ya raba. To wa zai kai mata labari?

Ya 'yan uwa, wa kuke yi wa sadaka? Allah, ko masu tafi? Riya ba ta tsaya ga cinye lada ba, tana kai mutum ya cire numfashi daga hancin ɗan uwansa don a yaba masa. Kai mai riƙe da makullin alherin iyayenka, amana ce a wuyanka, ba kayan ado ba ne, kuma za a tambaye ka.

Allah ya kiyaye mu da son a gani. Allah kada ka ɗauki iyayenmu suna fushi da mu. Amin.