Masinjan Shap-Shap da Fankar Yaya

Akwai wani saurayi da ake ce wa Shap-Shap, ƙanin mai wani shagon ɗaukar hoto. Ya samu sunan ne saboda ba a taɓa ba shi aiki ya ce bari in duba ba. Kafin ka rufe baki ya ce an gama. Yana da kai, wannan ba a musu. Matsalar ɗaya ce: shi ma ya san yana da kai.

Su uku ne a shagon. Akwai wansa mai shagon, wanda kowa ke kira Yaya har masu zuwa hoton fasfo. Akwai Shap-Shap. Sai matar Yaya, wadda ake ce wa Aku. Ajinsu ɗaya da Shap-Shap a makarantar koyon kwamfuta, kuma a can ta samu sunan, don in ta ji muryarka sau ɗaya ta gama da kai, sai ta kwaikwaye ta sak. Ita ke zuwa ɗaukar hotunan biki, ita ke gyara su. Tsakaninta da ƙanin mijin nata kuwa kullum cikin tsokana suke, ita ta ce masa "mijina ƙarami", shi ya ce mata "matar da muka saya da tsada".

Akwai wani aiki a shagon da kowa ke gudu. Kullum kafin a tashi, sai an kwafe hotunan ranar daga kwamfuta zuwa faifan ajiya, wani ɗan akwati baƙi da ke ƙarƙashin tebur, don ko kwamfutar ta mutu kada hotunan mutane su bi ta. Sai an tabbatar sun shiga sannan a goge katin kamara don aikin gobe.

Wata rana Shap-Shap ya ce wannan wahalar ta ƙare. Ya buɗe baƙar tagar nan ta kwamfuta, wadda ake rubuta mata umarni ita kuma ta amsa da farin rubutu, ya jera umarninsa, ya adana su wuri ɗaya. Ya sa wa abin suna Masinja. Da yamma Masinja zai tashi da kansa, ya kwafe hotuna, ya kwashe rubutun da ya fito a baƙar tagar, ya tura wayar Yaya. A ƙarshen saƙon kuma Shap-Shap ya sa ya riƙa rubuta "An kammala."

Ranar farko da wayar Yaya ta yi ƙara ya ga jerin sunayen hotuna da "An kammala" a ƙasa, sai da ya fita ya nuna wa mai kyamis na kusa da su. Shap-Shap ya kishingiɗa a kujera, ya ɗora ƙafa kan ƙafa, ya ce wannan ai wasan yara ne.

Aku ta leƙo ta bayansa, ta yaba, sannan ta ce tana da tambaya ɗaya.

"Mijina ƙarami, mun ga yadda Masinjanka ke magana in lafiya. In babu lafiya fa, me zai ce?"

Ya ce ai duk abin da tagar ta faɗa shi Masinja ke kwasa.

"To zare wayar faifan mu gani. Minti nawa ne?"

Shap-Shap ya juyo ya dube ta sama da ƙasa. Ya ce shi ba a gwada aikinsa. Ya tuna mata wa ya zo na ɗaya a ajinsu, wa ya zo na huɗu. Yaya ma ya sa baki ya ce ta bar yaro da aikinsa. Aku ba ta ja ba. Ta dai ɗora ƙafa kan ƙafa, ta ɗaga hanci, ta ce da muryarsa sak, "Ni ba a gwada aikina." Yaya ya yi dariya har ya ƙware.

Dariyar nan ce ta ɓata wa Shap-Shap rai. Washegari ya sa faifan cikin durowa ya kulle, ya zura wayoyinsa ta wani rami a baya, ya jefa makulli a aljihu, wai kada masu hassada su taɓa. Baƙar tagar ma ya sa ta daina fitowa fili, don ta taɓa faɗowa kan allo Yaya na nuna wa wata amarya hotunanta. Daga nan Masinja ya koma aiki a ɓoye. Doka kuma ta fito: da zarar waya ta ce "An kammala", a goge kati.

Aka shiga lokacin zafi. Yaya mutum ne mai jiki, ba ya shiri da gumi. Ya sayo fanka mai tsayuwa, ya duƙa ƙarƙashin tebur yana neman inda zai jona ta, ya tarar duk ramukan soket a cike. Ya ga wani baƙin fulogi da bai san na mene ne ba, ya zare, ya duba kwamfuta ya ga tana ci, firinta na ci. Ya ce ashe ma banza ne. Ya jona fankarsa.

Da yamma wayarsa ta yi ƙara. "An kammala."

Haka aka ci gaba. Aku ta taɓa cewa saƙon nan kamar ya rame, da can sai an ja shi ƙasa, yanzu layi biyu ne. Shap-Shap ko kallon wayar bai yi ba, ya ce ai haka ƙwararru suke, ba su da yawan magana, ba kamar wasu tsuntsaye ba.

Ana nan aka yi wani babban biki, Aku ta ɗauki hotunan. Uwar amarya mace ce da ba ta ɗaga murya, amma in ta ce "to shi ke nan" sai mutum ya san ya shiga uku. 'Yarta ce tilo, kuma angon zai wuce da ita wata ƙasa. Ta ce ranar Asabar za ta zo karɓar albam, don amarya ta tafi da shi a jakarta.

Ranar Alhamis da hantsi aka ɗauke wuta, aka dawo da ita da ƙarfi. Kwamfutar ta yi wani ɗan tari, warin ƙonewar roba ya cika shagon. Yaya ya dafe kai. Shap-Shap kuwa har da fito. Ya ce ai don irin wannan ranar aka haife shi. Ya zaro makulli yana kaɗa shi a yatsa, ya ɗauko faifan, ya ba shi wuta da wata wayar daban, ya jona a ƙaramar kwamfutarsa.

Ya buɗe. Hoton ƙarshe da ke ciki na wani tsoho ne da ya zo fasfo tun kafin zafi ya kama.

Ya rufe ya sake buɗewa. Tsohon na nan yana kallonsa.

Ya duƙa ƙarƙashin tebur, ya bi wayar wutar faifan da hannu har ƙarshenta, ya same ta yashe a ƙasa ta yi ƙura. A gurbinta ga fulogin fanka.

Yana da kwafin Masinja a ƙaramar kwamfutar. Ya zare faifan, ya tayar da Masinja, wannan karon da tagar a buɗe. Nan ya ga abin da ya yi wata da watanni ba mai gani. Layi na farko ya ce an fara. Sai wani layi ya biyo: ba a samu faifan ba. Wayar Yaya ta yi ƙara. Ya karɓa ya duba. An fara. An kammala. Layin tsakiya babu shi.

A nan ya tuna abin da aka koya musu a aji, ranar da ya ce wannan ai kowa ya sani. Baƙar taga baki biyu gare ta. Da ɗaya take faɗin aikin da ta yi, da ɗayan take kuka in ta samu matsala. A allo duka suna fitowa tare, sai ka ɗauka bakin ɗaya ne. Amma in ka ce a kwashe rubutun a kai wani wuri, na bakin farko kaɗai ake kwasa, sai in ka ƙara wata 'yar alama da ke cewa a haɗa da kukan. Shi bai ƙara ba. "An kammala" ɗin kuwa shi ya sa wa Masinja a baki, ko an yi ko ba a yi ba.

Katin bikin kuma da hannunsa ya goge.

Yaya ya tambaya a hankali, me za a gaya wa uwar amarya. Fankar na ta juya kai hagu da dama kamar mai jaje. Shap-Shap ya juya wajen Aku, karo na farko ba da wasa ba.

"Anti, kin ce in zare in gwada, na ƙi. Ni na jawo. Ni zan je in faɗa mata."

Aku ta ƙura masa ido. Tun da take da shi bai taɓa ce mata Anti ba. Ta gyara ɗankwali, ta haɗa hannu a cinya, ta sassauta murya ta koma uwar amarya. "To shi ke nan." Yaya ya ce don Allah ta bari, ba lokacin wasa ba ne.

Sai ta jawo jakarta, ta ciro ɗan gwangwanin da take ajiye 'yan kunne, ta buɗe a tebur. Katuna ne a ciki, kowanne da 'yar takarda manne. Ta ce tun ranar da aka kulle durowa, duk bikin da ta ɗauka takan zare katin ta sa wani a kamara. Wanda Shap-Shap ke gogewa da yanga, dama babu komai a cikinsa.

"Ban san ya lalace ba," ta ce. "Na dai san ba a taɓa jin kukansa ba."

Hotunan biki sun tsira. Waɗanda Shap-Shap ya ɗauka da kansa kuwa, har da na zagayowar ranar haihuwar budurwarsa, sun tafi. Wannan bayanin shi ya je ya yi, kuma an ce ya daɗe a ƙofar gidan su budurwar.

Ranar Asabar uwar amarya ta karɓi albam, ta buɗe shafi-shafi, ta yi murmushi ta tafi. Shap-Shap ya zauna gaban sabuwar kwamfuta ya gyara Masinja. Ya ƙara alamar, ya hana shi cewa an kammala sai in da gaske ne. Sannan ya kira Aku, ya miƙa mata makullin durowa, ya ce ita za ta zare wayar faifan. Ta zare. Wayar Yaya ta yi ƙara: ba a samu faifan ba, kada a goge kati.

Shap-Shap ya yi ajiyar zuciya, ya ce bai taɓa jin daɗin mummunan labari irin na yau ba.

Yaya na tsaye riƙe da fulogin fankarsa yana gumi. Ya ce, "To duk na ji. Ni yanzu ina zan jona wannan?"

Darasi: Duk aikin da bai san yadda zai ce maka "akwai matsala" ba, kada ka yarda da shi in ya ce "an kammala". Ka gwada abinka a ranar lafiya, kuma kada girman kai ya sa ka toshe bakin mai gaya maka gaskiya, na'ura ce ko mutum. Ku tura wa duk Shap-Shap ɗin da kuka sani, ya duba ƙarƙashin teburinsa yau.