Wanzamin da Ya Miƙa Wuyansa

An yi wani mutum a wani gari, can da daɗewa, wani bawan Allah wanzami, ana ce masa Jatau. Ku na baya, a bar hira mana, ku saurara! Duk Alhamis yakan rataya zabirarsa ya tafi asibitin masu taɓin hankali da ke bayan gari, ya yi wa majinyata aski. Da wannan yake ci da iyalinsa.

Cikin majinyatan akwai wani tela, Nomau. Ciwon ya same shi da gaske bayan rasuwar matarsa, amma Allah Ya ba shi lafiya tun tuni. To me ya hana a sallame shi? A gaban idonsa ma'aikata suka daki wani majinyaci har ya cika, Nomau kuma ya ce sai ya faɗa. Shugaban wurin kuwa, ga taushin murya, ga murmushi, ga mugunta. In Nomau ya yi magana, a ce ciwo ya tashi. In ya yi shiru, a ce ciwo ya ci ƙarfinsa. Ina mafita, jama'a?

Ana gobe masu bincike za su zo daga birni, shugaban ya kira Jatau.

"Malam Jatau, kai mutumin kirki ne. Gobe ka ce musu Nomau ya taɓa fizge askarka zai yanka ka. Don amfanin kansa ne."

"Ranka ya daɗe, bai taɓa ba."

"Ka dai yi tunani. Wanzamai ba su ƙare ba a garin nan."

Wallahi ranar Jatau bai ga ta zama ba. Ya wasa aska, ya sake wasa ta. Ya je bakin kasuwa, ya dawo hannu rabbana. Aka ajiye masa tuwo, ya sa hannu, ya cire. In ya yi ƙarya, an binne Nomau da ransa. In ya ce lafiyarsa ƙalau, wa zai bar maganar shugaba ya kama ta wanzami?

Washegari masu bincike suka tambaye shi kan lafiyar Nomau a gaban kowa. Ya ce, "Ranku ya daɗe, ni ban san sunan ciwo ba. Aski na sani."

Sai ya zauna a tabarma, ya jiƙa gemunsa, ya buɗe aska ya miƙa wa Nomau, ya ɗaga haɓa.

"Malam Nomau, gyara mini fuska."

Kada ku ce Jatau bai ji tsoro ba. Nomau ya share hawaye, ya ce, "Tsaya da kyau, kada in ji maka ciwo." Aska ta bi kumatu, ta gangara maƙogwaro, ta wuce. Ko ƙwarzane babu.

Babban mai binciken ya jawo kujera ya ce, "Zauna, Malam Nomau. Me kake son gaya mana?"

Aka saurare shi, aka sallame shi, asirin shugaban ya tonu. Jatau kuwa ba a sake kiransa aski a wurin ba, bai kuma yi da-na-sani ba.

To ku ji ni da kyau. Mai taɓin hankali mutum ne, kuma kiran mutum mahaukaci don a toshe masa baki zalunci ne. Kai da kake gyaɗa kai, ba ka da ɗan'uwa a gida wanda ya warke, amma har yau in ya buɗe baki kuke haɗa ido kuna dariya? Yau in ka koma, zauna kusa da shi, ka tambaye shi damuwarsa, ka jira ya gama. Ka ji shi a nan, tun kafin ya kai ƙararka inda ba a katse maganar kowa.