Bushiya da Katifar Zaki

Ga ta nan tafe, ga ta nanku!

Ta iso mu sha labari.

Zaki ya ji daɗin katifar audugar rimi, sai ya kafa doka: kowace dabba a kan irin wannan katifa za ta kwana. Bushiya kuwa ƙayoyinta suka riƙa sarƙewa cikin audugar, kwana bakwai ba ta runtsa ba. Ran na takwas ta wurgar da katifar, ta baje yashi mai laushi.

Zaki ya zo yana huci. "Ke! Dokata kika raina?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, bayanka daban, nawa daban. A yashi zan kwana."

Ya kai mata mari, ta dunƙule, ƙaya ta nutse a tafinsa. Ya juya yana ɗingishi, ita kuwa ta yi ta minshari har hantsi.

Ƙurunƙus, ta ƙare a kan ɗan ɓera!