Hannun Daman Wilkin

Jama'ar wannan shafi, yau ba dariya na kawo muku ba, sai ku yi haƙuri da ni.

Akwai wani koci a garinmu La Vega, sunansa Nicanor Almánzar, amma Profe, wato Malam, kowa ke ce masa, har 'yan acaɓa. Ya yi furfura yana koyar da ƙwallon besbol a wata ƙaramar jami'a, a filin da awaki suka fi 'yan kallo yawa. Gajere ne, ga tumbi, ga faɗa kamar an taka masa ƙafa.

Amma in dai a kan hannun mai jifa ne, wato ɗan wasan da ke jefa wa mai bugu ƙwallo, Profe ya fi uwa tsoro. Da ya ga yaro ya fara gajiya zai cire shi, ko da kuwa ana gab da cin wasa. Ya sha zagi a kan haka, ya sha kashi a kan haka, ko a jikinsa.

Cikin ɗalibansa akwai Wilkin, wani dogo siriri, ɗan wata mai soya ayaba a bakin tasha. Allah ya ba shi hannun dama wanda in ya saki ƙwallo, sai dai mai bugu ya ji wucewarta. Kullum cikin tsokanar juna suke.

"Kai dogon banza, a hankali! Hannun nan ba naka kaɗai ba ne, na uwarka ne da ƙannenka."

"Profe, ai tumbin nan ma ba naka kaɗai ba ne, na duk masu suyar garin nan ne."

Ana nan sai wata ƙungiyar ƙwararru ta birni ta ɗauki Nicanor a matsayin manaja. La Vega ta yi murna, birni kuwa ya yi dariya. 'Yan jarida suka sa masa suna malamin makaranta. In ya ci wasa su ce sa'a ce, in ya faɗi su ce ya koma ya riƙe alli. Yana nuna bai damu ba, amma abin yana cin ransa ƙwarai.

Da zai tafi ya tafi da Wilkin. Yaron bai ba shi kunya ba. Ya yi jifan da har wata ƙungiya daga Japan ta aiko tana son sa, da an gama gasa sai tafiya. Matar Wilkin, Yocasta, tana da tsohon ciki a lokacin, har ta fara tambayar mutane ko ana samun ayaba a can.

Suka kai wasan ƙarshe, wata Lahadi da yamma. Kafin a fara, mai ƙungiyar, Don Plinio, ya dafa kafaɗar Nicanor yana murmushi.

"Profe, nan fa ba aji ba ne, ba ma reno a nan. In muna gaba ka cire min yaron nan, daga fili ka wuce tashar mota."

Wasa ya yi nisa, saura ƙiris, suna gaba da ci ɗaya tak. Daga inda yake zaune Nicanor ya ga abin da ba wanda ya gani. Gwiwar hannun Wilkin ta fara sauka ƙasa. Bayan kowace jifa sai ya kai hannun bayansa, ya yarfe yatsu a ɓoye. Jijiya ce take kuka, kuma duk filin ba wanda ya kai Nicanor sanin wannan kukan.

Ya tashi ya nufi tudun jifa. Yadda ake yi kuwa a fili yake: manaja ya hau tudu, ya miƙa hannu, mai jifa ya ba shi ƙwallo ya sauka, wani ya karɓe shi. Ba a dogon zance.

Amma fili ya ɗauka da ihu. Ganguna, ƙaho, murfin tukwane, kowa yana cewa, "Bar shi! Bar shi! Malamin makaranta, koma ka zauna!" Kafin ya iso tudun, Nicanor ya zura hannuwansa cikin aljihun baya.

"Ɗana, ya hannun?"

"Garau, Profe. Matsa, tumbinka ya tare min iska."

"Ka tabbata?"

"Na rantse da uwata."

Nicanor ya jinjina kai, ya juya ya koma. Fili ya tafa masa, karo na farko tun zuwansa.

Ni dai a nan raina yake ɓaci. Duk wanda ya taɓa riƙe ƙwallo a ƙasar nan ya san ba a tambayar mai jifa. Ko hannun yana reto da zare, garau zai ce maka, musamman a gaban jama'a, a wasan ƙarshe. Nicanor ya san amsar tun kafin ya buɗe baki. Ya yi tambayar ne don in wani abu ya faru, ya samu abin faɗa.

Wilkin ya ci gaba da jifa yana cije leɓe. A jifar ƙarshe mai bugu ya kai sanda ya sami iska, wasa ya ƙare, kofi ya zama nasu. 'Yan wasa suka ruga tudu suna tsalle, suka faɗa kan Wilkin suna rungumarsa. Sai da suka ɗaga suka ga ba murna ce ta durƙusar da shi ba. Ya riƙe gwiwar hannunsa yana kuka kamar ƙaramin yaro.

A daidai lokacin Nicanor yana kan kafaɗun mutane ana zagaye fili da shi.

An yi wa Wilkin aiki, an sake yi, ƙarfin jifar bai dawo ba. Mutanen Japan suka aiko da gaisuwa, suka ɗauki wani. Nicanor kuwa sunansa ya canza, jaridun da suka yi masa ba'a suka koma kiransa gwani. Yana aika saƙo a gai da Wilkin, amma ƙafarsa ta kasa zuwa.

Sai bayan dogon lokaci ya yi ta maza ya hau mota zuwa La Vega. Ya sami Wilkin a barandar gidan uwarsa, ya rame, yana riƙe da 'yarsa a hannun hagu. Yocasta ta leƙo, ta ga ko wane ne, ta koma ciki ba ko sannu.

"Yocasta, dafa wa Profe kofi mana," in ji Wilkin.

"Gas ya ƙare," ta amsa daga ciki, alhali ana jin ƙamshin wake yana dahuwa.

Wilkin ya yi 'yar dariya. "Zauna, Profe. Ina tumbin? Ko birni ba su iya girki ba ne?"

Nicanor ya zauna a bakin kujera yana murza hularsa. Ya shirya magana tun daga birni, amma abin da ya fito daga bakinsa daban.

"Ɗana, na fa tambaye ka. Ka ce min garau."

Wilkin ya amsa yana kallon titi, kuma ba da faɗa ba.

"Ka tambaya, Profe, ban musa ba. Amma duk zamana da kai a jami'a ba ka taɓa tambayata ba. Zuwa kake ka ƙwace ƙwallon, in yi ta zaginka a zuci har gida. Ran nan da na hango ka kana tahowa, Allah ya sani daɗi na ji. Na ce shi ke nan, Profe ya gani, ya zo ya ɗauke ni. Har na sassauta yatsuna a kan ƙwallon. Sai na ga hannuwanka a aljihu."

Nicanor ya sunkuyar da kai. Tsohon da ya yi shekaru yana yi wa maza tsawa ya kifa fuskarsa cikin hula ya fashe da kuka, har maƙwabta suka leƙo.

Kukan ya tsorata yarinyar, ta fara zillo tana neman zamewa. Wilkin ya kai hannun dama zai tallabe ta, ya runtse ido don zafi, sai ya tare ta da cinya.

"Yocasta," ya kira a hankali, "zo ki karɓe ta, kada ta faɗi."

Darasi: Wanda ya ba ka amanar kansa ba zai iya ce maka a'a ba, musamman a gaban jama'a. In idonka ya ga yana cutuwa, kada ka tambaye shi don ka wanke kanka, ka tsayar da shi ko da duniya za ta zage ka. Tafin mutane na yini ɗaya ne, shi kuwa da wannan jikin zai rayu. Ku tura wa duk wanda ke da wasu a ƙarƙashinsa, koci ne, uba ne ko maigidan aiki.