Kan Injin Motar Tsoho Zammit

A garin Geelong akwai wani makanike, Keiran Zammit. Gwani ne, amma girman kai ya yi masa katutu; in ka ba shi shawara kamar ka zage shi.

Mahaifinsa na da tsohuwar mota mai silinda takwas wadda ta shekara goma a ajiye, saboda ɗaya daga kawunan injinta biyu ya tsage. Burin tsohon ɗaya ne: ya tuƙa 'yarsa Marlene a cikinta ranar aurenta. Saura mako uku, Keiran ya tafi kasuwar tsofaffin kayan mota ta Ballarat neman wani kan.

Can ya hango shi a shimfiɗar wata tsohuwa mai suna Noelene. Ya kankare tsatsa, ya ga lambar ta yi daidai.

"Kada ka yi gaggawa, ɗan nan," in ji Noelene. "Iri biyu ne masu kama ɗaya. Wani kwarminsa ƙarami, wani babba. Kawo wanda ya tsage mu auna."

"Haba Inna! Shekara ashirin ina wannan aiki. Idona ma'auni ne."

"To, Allah ya bar mana idon."

Ya saya, ya koma gida ya ɗaura kan, ya tayar da mota. Da farko lafiya lau. Yana fara hawan tudu injin ya ɗauki ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, hayaƙi ya turnuƙe. Gasket, shimfiɗar da ke tsakanin kan da jikin injin, ya ƙone. Tsoho Zammit ya shafa ƙofar motar kawai ya shige gida. Wannan ya fi wa Keiran zafi a kan zagi.

Washegari ya ɗauki kawunan biyu, tsagaggen da wanda ya saya, ya nemo gidan Noelene, kunya kamar ya nutse.

"A'a, mai ido ne? Shigo, shayi na kan wuta."

Ta kifa gilashi a kan kwarmin, ta ɗura mai da sirinji tana duba awo. Wanda ya saya ya cika da wuri, na mahaifinsa kuwa sai shan mai yake; ashe kwarminsu ba ɗaya ba ne. Ta ce shekara talatin ta yi tana wannan awon a masana'anta, tun kafin ya iya riƙe sifana. Suka bi kayan rumfarta ɗaya bayan ɗaya, a na biyar suka dace. Wannan karon Keiran da hannunsa ya auna, har sau biyu.

Ranar auren tsohon ya murɗa makulli, injin ya amsa sumul. Marlene na baya da farar riga, shi kuwa yana tuƙi yana share hawaye.

Darasin da ke nan shi ne, ƙwarewa ba ta hana mutum tambaya, kuma abubuwa biyu na iya yin kama alhali cikinsu daban. Wanda ya yi kuskure ya sauke kai ya koma wurin wanda ya fi shi sani, sau da yawa yakan tarar lokaci bai ƙure masa ba.