Rigar Hashimu

An yi wani mutum a wani gari, shekarun baya, tela ne, sunansa Jatau. Kekensa ɗaya, rumfarsa ta kara. Bai taɓa buga ƙwallo ba. Amma duk shekara shi ke ɗinka wa 'yan ƙwallon sakandaren garin riguna, kyauta. Sharaɗinsa ɗaya ne: yaro ya zo da takardar sakamakonsa. Jatau bai iya boko ba, sai ya sa a karanta masa. In yaro ya ci jarrabawa, ya auna shi, ya ɗinka sunansa a bayan riga. In bai ci ba, ya koma aji.

A shekarar da nake ba ku labari, wanda ya zo na ɗaya Hashimu ne, siriri kamar sillen kara, ɗan wasan gaba.

Ku saurara. Makarantar ta kai wasan ƙarshe na kofi. Saura kwana biyu, sai ga koci Sallau da rigar Hashimu a hannu, da wani ƙato a bayansa, ya aske gemu ƙwal.

Sallau ya ce, "Baba, a buɗa kafaɗar nan. Sunan a bar shi."

Jatau ya dubi ƙaton. "Ajinka nawa, ɗan samari?"

Ƙato ya dubi Sallau.

Sallau ya yi dariya. "Haba Baba, kowa na ɗauko sojan haya. Su ma can sun ɗauko uku. In ya ci, ai sunan Hashimu za a kira ranar ba da kyauta. Yaron ya huta, ya sha tafi."

"Ni na auna Hashimu. Wannan kafaɗa ba tasa ba ce."

"Kofi muke nema, tsoho."

"Ku nema da yaranku."

"To ba ni, akwai teloli a gari."

Jatau ya ninke rigar, ya zauna a kanta, ya ci gaba da taka keke.

Ranar wasa ya rufe rumfa, ya taka har fili. Gaban shugaban makaranta, gaban iyaye, ya kira Hashimu, ya zura masa rigarsa da hannunsa.

Kuna jiran in ce sun ci? Ba su ci ba. An ba su biyu da ɗaya, kuma Hashimu ne ya zubar da fanareti. Gari ya juya wa Jatau baya. Ɗinkin Sallah ya koma wasu rumfuna. Bai ba kowa haƙuri ba.

Hashimu ya zo, kansa a ƙasa. "Baba, ni na jawo maka. Da ka bar su."

"Wa ya buga?"

"Ni."

"Wa ya zubar?"

"Ni."

"To naka ne. Baɗi ka ci, shi ma naka ne. Tashi, kana da karatu."

Jama'a, gara faɗuwa da ƙafarka da a ɗauke ka a kafaɗar ƙarya. Yaron da aka koya wa karɓar yabo kan aikin wani, gobe shi zai sa a rubuta masa jarrabawa, jibi ya zauna kujerar da ba tasa ba. Ku ma kuna da 'ya'ya a makaranta. Ku je fili ku tsaya musu, ko sun ci ko an ci su. Wanda ya haɗa littafi da ƙwallo, ku kira sunansa a gaban mutane, amma ku tabbata guminsa ne. Allah Ya sa mu gane.